Mararaban Rido: Abin da tsohon shafin intanet ke jawo wa ƙungiyar agaji

Sunan Mararaban Rido, da ke kan hanyar Kaduna zuwa Kachia a Ƙaramar Hukumar Chikun, ya shiga bakin duniya ne a ranar 5 ga Yulin 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke yankin. Garin ya kuma zama masaukin iyalan da hare-hare suka raba da ƙauyukansu a Chikun da Kajuru, lamarin da ya jawo ƙungiyoyin agaji, na coci da na masallaci da na matasan gari, kowace na neman taimako da sunan mutanen.

Wannan adadi na 121 ya isa misali. An riƙa sako yaran rukuni-rukuni, 28 a ƙarshen Yulin, saura daga baya, na ƙarshensu kuwa sai a Nuwamban 2023 ya dawo gida. Shafin da wata ƙungiya ta rubuta a makon farko ta bar shi haka, gaskiya ya faɗa ranar da aka wallafa shi, amma cikin wata guda ya daina faɗar ta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Haka lissafin 'yan gudun hijira yake: damina ta mayar da wasu gonakinsu, sabon hari ya kawo wasu. Kuɗin buhun masara da aka ƙiyasta kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ma bai da amfani ga mai son bayarwa yau.

A da, ana iya ɗauke kai daga irin wannan sakaci, domin manyan masu bayar da tallafi na da jami'ansu da ke zuwa su gani da ido. Amma tun da Shugaba Donald Trump na Amurka ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a ranar 20 ga Janairun 2025, aka kuma rufe hukumar USAID a Yulin shekarar, ƙananan ƙungiyoyi sun juyo ga 'yan majalisa da ma'aikatu da kamfanoni da 'yan asalin yankin mazauna ƙetare. Hadimin da maigidansa ya miƙa wa takardar neman taimako ya ce ya bincika, ba zai kama hanyar Kaduna ba. Wayarsa zai ɗauko. Idan ya tarar labari na ƙarshe a shafin na shekara uku da suka wuce ne, lambar wayar ba ta shiga, shugaban da aka ambata ya daɗe da barin aiki, to takardar ta shiga aljihun tebur ke nan, ko da ƙungiyar na ciyar da marayu a ranar.

Lambar asusun banki ta fi komai haɗari. Tun bayan dakatar da Ministar Jinƙai Betta Edu a Janairun 2024 kan umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata jami'a, ma'aikacin gwamnati na ɗari-ɗari da duk asusun da ke ɗauke da sunan mutum maimakon na ƙungiya. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa sukan fara tara kuɗi ne da asusun wanda ya kafa su, su manta da shi a shafin bayan sun yi rajista.

Gyaran ba ya bukatar wani sabon aiki mai yawa. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta riga ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajista miƙa bayanan shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Takardun na nan a ofis. Abin da ya rage shi ne a ɗora lambar rajista da sunayen amintattu da taƙaitaccen lissafin shiga da fita, kowane da kwanan watansa. Jami'an da ke neman haka daga ƙungiyoyi ma sai su leƙa shafukan ma'aikatunsu, inda ba abin mamaki ba ne a tarar da hoton shugaban da aka sauya tuntuni.

Sai dai a wuri irin Mararaban Rido, ba kowane sabon bayani ne ya kamata ya fita ba. Masu garkuwa da mutane ma suna da waya. Hoton fuskar yaro da sunan makarantarsa da unguwar da iyayensa suka fake, abu ne da Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta sa wa takunkumi, hankali ma ya hana. Sanar da rana da wurin rabon abinci ga kowa da kowa shi ma yana da nasa haɗarin, ganin yadda mutum goma suka rasu a turmutsutsun rabon kaya a wata coci da ke Maitama a Disamban 2024. Masu cin gajiyar tallafin ta bakin mai unguwa da fasto da limami suke samun labari. Shafin na mai bayarwa ne da mai bincike, kuma lissafi suke nema, a rubuce, da ranar da aka yi shi.