Cizon farce na mayar da maganin tsutsa baya

A Dogondutsi da Tibiri, kamar sauran sassan Nijar, ma'aikatan lafiya kan zagaya gari-gari suna ba yara maganin tsutsar ciki. Aiki ne mai kyau, amma ƙwayar tana kashe tsutsar da ke cikin hanji ne kawai, ba ta toshe hanyar da wata za ta sake shiga. Ɗaya daga cikin hanyoyin kuwa ita ce farcen da yaro ke ciza. Akwai wata 'yar farar tsutsa mai kama da zare da ke fitowa cikin dare ta zuba ƙwai a bakin dubura. Ƙaiƙayi ya sa yaro ya sosa, ƙwan ya maƙale a ƙarƙashin farce, da safe yatsan ya koma baki. Ƙwan nan na iya yin mako 2 zuwa 3 da rai a kan tufafi ko tabarma, mu kuma a kwano ɗaya muke cin tuwo, don haka hannun mutum ɗaya ya isa ya raba wa gida duka. Ta wannan hanya ta hannu zuwa baki ne gudawa da taifot ke bi, har da kwalarar da ta shiga jihar Doso a 2021.

Wani zai ce haka muka tashi muna yi, ga mu da ranmu. Gaskiya ne cizon farce ba ya kashe mutum nan take. Sai dai manomin Matankari ko Geceme da ɗankakkarai ya kama wa yatsa a tsakiyar noman hatsi ya san asarar da ya yi, kuma fatar gefen farce da haƙori ya yage ƙofa ce ga irin wannan kumburi. Wani kuma zai ce ruwa da sabulu ne matsalar. Wannan magana tana da ƙarfi, domin inda mata ke tafiya mai nisa kafin su kai rijiya, ba a wasa da ruwa. To, a ganina wannan ne ma ya sa yanke farce ya zama dole, tunda gajeren farce ba ya ɓoye ƙasa, ruwa kaɗan ya ishe shi. Addini ma ya riga likita: Musulunci ya hana a bar farce ya wuce kwana 40.

Duka da shafa barkono a yatsa ba su cika raba yaro da halin ba, saboda sau da yawa damuwa ko zaman banza ke kawo shi, tsoro kuma ƙara damuwar yake yi. Gara uwa ta riƙa yanke masa duk Juma'a, malamin lakwal da na allo su duba hannuwa da safe. Abin yankan kuma ya zama na gida, domin almakashin mai yankan farce a kasuwa, in ya ji wa wani rauni ba a tsaftace shi ba, yana iya ɗauko ciwon hanta.