KAFIN KA ZUBA WANI ABU DABAN A MURHUN FELET, KARANTA WANNAN

Yau magana ce da kai ɗan uwa da ke zaune a Italiya, Jamus, Faransa ko Amurka, wanda kake ɗumama gidanka da murhun felet idan sanyi ya shigo. Kai ma da ke gida kada ka wuce, akwai rabonka a ciki.

Bidiyoyi sun cika TikTok da YouTube: mutum ya buɗe tankin murhu, ya zuba masara, ko ƙwallon zaitun, ko felet ɗin da ake shimfiɗa wa dawaki, wuta ta kama, ya kalli kyamara ya ce wai ya rage rabin kuɗin ɗumama gida. Bidiyon minti ɗaya. Ni dai ban yarda da wannan shawarar ba, kuma ina ganin masu yaɗa ta ba su yi maka adalci ba, domin abin da ke faruwa bayan an kashe kyamara shi ne ainihin labarin.

Na san dalilin da ya sa abin ke jan hankalinka. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, Tarayyar Turai ta hana shigo da katako da felet daga Rasha, gas ya yi tsada, kowa ya ruga sayen felet. A ƙasashe da yawa buhun kilo 15 ya ninka kuɗinsa, wani wurin ma fiye da haka. Mai iyali dole ya nemi sauƙi, ba wanda zai ga laifinsa. Laifin yana kan wanda ya nuna maka harshen wuta ya ɓoye maka toka.

Ka fara fahimtar abin da ke cikin ɗakinka. Murhun felet ba murhun duwatsu uku ba ne da za ka tura masa ko wane ice ya cinye. Na'ura ce. Akwai tanki, akwai murɗaɗɗen ƙarfe irin na injin markaɗe wanda mota ke juyawa yana sauko da ƙwayoyin kaɗan-kaɗan, akwai ƙaramin kasko mai huji-huji inda suke ƙonewa, akwai fanka da ke jawo iska ta cikin hujin ta fitar da hayaƙi, sannan akwai allon lantarki da ke lissafa komai. Kamar cajar waya ce: an saita ta a kan wani ƙarfin wuta, ba a kan duk abin da ya shiga soket ba. Shi allon, kamfani ya saita shi a kan felet ɗin garin katako, mai kaurin milimita 6, wanda danshinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba.

To ga inda gizo ke saƙar, toka. Felet mai tambarin ENplus A1, tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari. Yi lissafi da kanka: buhun kilo 15 zai bar maka toka wajen giram 100, abin da bai fi cikin hannu ba. Felet ɗin karan alkama kuwa tokarsa kan kai kashi 5, wato giram 750 daga buhu ɗaya. Ninki bakwai ke nan, a kaskon da bai fi gwangwanin tumatir ba.

Kuma yawan ba shi ne babbar matsalar ba. Tokar katako mai kyau tana jure zafi, a ƙa'idar A1 sai ta kai digiri 1200 kafin ta fara narkewa, don haka tana zama gari, iska ta ture ta. Tokar kara da ciyawa tana da sinadarin fotasiyam da yawa, tana narkewa da wuri. Idan ta narke sai ta dunƙule ta zama kamar tsakuwa, ta toshe hujin kaskon. Iska ta ragu, wuta ta yi ja, gilashi ya yi baƙi, shi kuwa murɗaɗɗen ƙarfen bai san an yi ba, zuba ƙwaya kawai yake yi. Kasko ya cika ya tumbatsa. Masara ma haka take yi, sitacinta yana daskarewa ya zama dunƙule mai tauri. Ga kuma sinadarin kulorin da ke cikin kara, wanda a hankali yake cin ƙarfen murhu da bututun hayaƙi. Wannan ba za ka gan shi a makon farko ba, sai ranar da mai gyara ya buɗe ya miƙo maka takardar kuɗi.

Nan ne batun ya tashi daga aljihu ya koma kan rai. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana haifar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai wadda ke kashe mutane a nan gida lokacin hunturu idan an shiga ɗaki da kaskon gawayi an rufe ƙofa. Sannan idan murhu ya ƙi kamawa, kasko cike da ƙwaya, ka sake danna maɓalli ba ka zubar ba, hayaƙi kan taru a ciki ya kama lokaci guda da ƙara, har gilashi na iya fashewa. Shi ya sa littafin murhu ke cewa a kwashe kaskon kafin a sake kunnawa. Wane mai bidiyo ne ya taɓa gaya maka wannan?

Za ka ce, ai a Italiya da Sifen ana ƙona ƙwallon zaitun, a Amurka manoma na ƙona masara. Gaskiya ne. Amma a murhun da aka ƙera don haka, mai kasko na daban, wani ma da ƙarfen da ke motsa tokar don kada ta dunƙule, da saitin iska na kowane makamashi. A Sifen har tambari ake da shi na ƙwallon zaitun, BIOmasud. Wato su ma ba zuba-mu-gani suke yi ba. Niƙaƙƙen ƙwallon zaitun ƙanana ne, a kaskon felet na yau da kullum wani yana zurarewa ta huji bai ƙone ba. Idan naka ba irin wancan ba ne, kwaikwayonsu ganganci ne kawai. Ka kuma sani, kamfanoni da yawa sun rubuta ƙarara cewa garanti ya faɗi idan ka ƙona abin da ba su amince da shi ba. A yankunan arewacin Italiya irin su Lombardiya ma doka ce: ƙaramin murhun gida sai felet mai shaidar A1.

Kai kuma ɗan kasuwa na gida da ke kallon tulin ƙaiƙayin shinkafa a Kura kana tunanin sayen injin matsa felet ka tura Turai, tsaya tukuna. Tokar ƙaiƙayin shinkafa tana kusan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, yawancinta sinadarin yashi ne. Buhun kilo 15 zai bar toka kusan kilo 3. Ba murhun ɗaki da zai ɗauki wannan. Kasuwarsa tana wajen manyan tukwanen masana'antu da murhun girki da aka tsara dominsa.

Idan duk da haka sai ka gwada, to buɗe littafin murhunka, ko ka sauke shi a waya da lambar samfurin da ke manne a bayansa, ka duba shafin makamashi. In babu sunan abin a ciki, ka bar shi. In akwai, sayi buhu ɗaya kawai, ka gauraya kaɗan da felet ɗinka na kullum, da rana, kana zaune a wurin, ba da dare yara na barci ba. Bayan awa biyu ko uku kashe, bari ya huce, ciro kaskon ka duba: toka gari ce ko ta dunƙule? Ka auna kuma kwana nawa buhun ya yi maka, domin mai arha da ke ƙarewa da wuri ba arha ba ne. Kuma kafin duk wannan, ka rataya na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid a ɗakin, kuɗinta bai wuce na 'yan buhunan felet ba, ka danna maɓallin gwajinta ka ji ta yi ƙara kafin ka kunna murhun.