Da Wane Harshe Yaron Abu Hujar Zai Kai Kuka?

Garin Abu Hujar yana bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu da Sinja, babban birnin Jihar Sinnar ta Sudan. Hausawa sun daɗe a ƙauyukan wannan yanki, wasu jikokin mahajjata, wasu jikokin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Manya suna jin Larabci, da shi suke cin kasuwa. Amma ƙaramin yaro, in tsoro ya kama shi, da Hausa yake kuka. A nan aikin jami'in walwalar jama'a yake farawa, a nan kuma yakan tsaya cik.

Ba dokoki Sudan ta rasa ba. Dokar Yara ta 2010 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Tun 2007 aka buɗe sashen kare iyali da yara na 'yan sanda a Khartoum, inda jami'an walwala ke aiki tare da masu bincike. A 2020 kaciyar mata ta zama laifi mai ɗaurin da ya kai shekara 3. Sai dai duk da Larabci ake rubuta su, da Larabci kuma ake yi wa yaro tambaya.

Mai nazarin Hausa ya san abin da ke salwanta a wannan gaɓa. Yarinyar da aka keta wa haddi ba za ta ce “fyaɗe” ba. Kunya ba za ta bar ta ba. Za ta ce “ya taɓa ni”, ko ta sunkuyar da kai ta yi shiru, uwarta kuma ta ce “an ɓata ta”. Tafinta mai gaggawa zai juya “taɓa” da ma'anarta ta fili, shi ke nan magana ta mutu. In kuwa tafintan kawun yarinyar ne ko maƙwabci, rufin asirin gida zai rinjayi gaskiya. Haka kalmar “horo”: tana ɗaukar tarbiyya, tana ɗaukar bulala, kuma tana iya zama rigar da ake lulluɓe azaba da ita. Wanda bai san faɗin kalmar ba, ba zai iya zama da malami su shata iyakarta ba.

Batun malamai ba ƙarami ba ne. A 2020 sashen Larabci na BBC ya nuna yara ɗaure da sarƙa a wasu makarantun allo na Sudan, waɗanda ake kira halwa. Shekara guda kafin nan, 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna. Ba kowace halwa ce haka ba, akasarin malamai amana suke riƙewa. Shi ya sa jami'in da ya shiga da sallama, ya gaida alaramma da harshensa, ya fi wanda ya zo da takarda da rakiyar ɗan sanda damar ganin ƙafar almajiri.

Yanzu lamarin ya ƙara tsanani. Rikicin Jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya tarwatsa dubban Hausawa, da yawa suka nufo Sinnar. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Sinja a Yunin 2024. Yaron da ya rabu da iyayensa yana hannun wanda ya tsince shi, a gona ko a gidan aikatau.

Abin da ya dace hukumomin Sinnar da ƙungiyoyin agaji su yi shi ne su horar da 'ya'yan waɗannan ƙauyuka, musamman mata, a kan aikin walwala, sannan a tura kowa ƙauyen da ba nasa ba: ya ji harshen yaro sarai, amma wanda ake zargi bai zama surukinsa ba.