Kurciyar Da Ke Kan Kuɗin Samowa Tana Ƙarewa A Daji

A ƙasar Samowa, can cikin tekun Fasifik, duk wanda ya riƙe takardar tala 20 ko kwabon sene 50 zai ga hoton wata kurciya da ake kira manumea. Ita ce tsuntsuwar ƙasa. Amma mafi yawan masu kashe kuɗin ba su taɓa ganinta da idonsu ba, kuma da wuya jikokinsu su gan ta.

Ba ta rayuwa a ko'ina a duniya sai a dazuzzukan wannan ƙasa, musamman tsibiran Upolu da Savai'i. Bakinta lanƙwasasshe ne kamar na aku, yana da tsaga-tsaga kamar haƙora a leɓen ƙasa, da su take fasa 'ya'yan bishiyar maota masu tauri. Masana sun laƙaba mata suna Didunculus, wato ƙaramin dodo, saboda kamarta da dodon tsibirin Morishiyos da ya ƙare a ƙarni na 17. Wannan dodon tsuntsu ne, ba na tatsuniya ba, kuma mutane ne suka gama da shi.

Idan aka tambayi dalilin ƙarewar manumea, amsar da aka fi so ita ce guguwa. Gaskiya ne guguwar Ofa ta 1990 da ta Val ta 1991 sun ragargaza dajin. Sai a ƙara da ɓeraye da kyanwoyi. Waɗannan uzurori suna da daɗin faɗi, domin babu mai kai guguwa kotu. Abin da ake kauda kai a kansa shi ne bindiga. Mafarauta suna neman wata babbar kurciya mai suna lupe, wadda namanta ke da daraja a liyafa da kyautar manya, kuma a duhun ganye harsashi ba ya bambance lupe da manumea. Dokar hana wannan farauta tana nan a rubuce, ba a aiki da ita.

Masu kare al'adar sukan ce talakan ƙauye ne ke cin abin da dajinsa ya ba shi. Binciken da aka yi kan abincin gidajen ƙasar ya ƙaryata su: masu hannu da shuni ne suka fi cin naman. Mafarauci yana harbi ne saboda akwai mai saye a Apia, kuma da kuɗin da ke ɗauke da hoton tsuntsuwar ake biyansa.

A shekarun 1980 an ƙiyasta manumea dubbai ne. A 2014 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ɗan tsakonta ɗaya da aka ɗauki hotonsa a Savai'i a 2013 ya zama babban labari, saboda an daɗe ba a ga alamar tana ƙyanƙyasa ba. Gangamin wayar da kai da zanen bango ba za su hana harbi ba muddin manyan gari suna karɓar lupe a faranti.