Shirun Na'ura Ma Magana Ne

'Yan'uwa fatake, da yawanmu mun sa wa tireloli na'urar bin sawu, muka miƙe ƙafa. To, ɓarayi ma sun waye. Suna da ɗan akwati mai watsa hayaniya, ya danne siginar taurarin GPS da ta layin waya.

Na'ura ta ƙwarai tana ganewa. In mota ta shiga daji, rezo raguwa yake yi sannu-sannu. In kuwa toshewa ce, taurari su ɓace gaba ɗaya, hayaniya ta hau lokaci guda. Nan take sai ta busa jiniya, ofis kuma ya lura ta yi shiru.

Shanu talatin daga Maraɗi zuwa Legas ba dukiyar wasa ba ce. Kafin mu biya, mu tambayi mai sayarwa: tana gane toshewa? Wa ke gadi da dare? Allah ya tsare mana.