Hotunan Gida: A Tattara Su, a Rubuta Sunaye Tun Tsofaffi Na Raye

Da wuya a shiga gida a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, a tarar babu hotuna a ajiye. Wasu suna cikin adaka ƙarƙashin tufafi, wasu cikin ambulan tare da takardun haihuwa, wasu kuwa an maƙale su a gefen madubi rana na cinsu. Akwai na aure da na suna, da na ranar da alhaji ya komo daga Makka, da na soja cikin kakinsa, da na ɗan lakkol ran da ya ci jarrabawa. Ajiya dai muna yi, amma ajiya ce ta a jefa a manta. Ra'ayinmu a nan shi ne, ya kamata kowane gida ya haɗa kundin hotunansa, kuma abin da ya fi kome muhimmanci a cikin kundin nan ba ado ba ne, rubutu ne.

Dalili kuwa ga shi. Hoto yana nuna fuska, amma ba ya faɗin suna. Muddin kaka tana raye, ita ce bakin hoton: ta duba ta ce wannan wane ne, ɗan wance, an ɗauke shi shekara kaza. Ran da ta kwanta dama, sai jikoki su gaji fuskokin baƙi, kuma baƙon da ba a san shi ba shi ne na farkon zuwa juji in an tashi shara. Wannan hasara ba ta tsaya ga talaka ba. Seydou Keita, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, an nuna hotunansa a birnin New York na Amurka a 1991 ba tare da sunansa ba, domin masu nunin ba su san wanda ya ɗauke su ba, sai daga baya aka bi sawu aka gano shi. Mutanen da ke cikin hotunan kuwa, da yawansu ana kallonsu a manyan gidajen tarihi na duniya babu suna. Takwaransa Malick Sidibe, wanda aka ba babbar lambar girma ta birnin Venis a 2007, dabara ce mai sauƙi ta taimake shi: in ya ɗauko hotunan biki, sai ya liƙa ƙananansu a jikin kwali irin na ofis, ya sa wa kowanne lamba, ya rubuta sunan bikin da kwanan wata. Kwali da alƙalami ke nan, ba wani abu ba. A nan Yamai ma Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya ɗauki samari da ƴan mata na shekarun 1960 da 1970, kuma babu shakka akwai aikin hannunsa a adakokin gidaje da yawa, masu gidan ba su sani ba.

Saboda haka aikin farko ba a kanti yake ba, a gaban tsofaffi yake. A ɗauki kaye da alƙalami, a shimfiɗa tabarma, a fito da hotunan ɗaya ɗaya, a sa wa kowanne lamba, a yi tambaya. Sai dai tambayar tana son hankali. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba kuwa za ta faɗi na ɗanta na fari ba. Za ta ce malam, ko mai gida, ko ta kira shi da laƙabi. Kada a matsa mata. A rubuta laƙabin yadda ta faɗa, sa'an nan a nemi sunan yanka wurin baffa ko gwaggo, a haɗa su biyu, domin a gidajenmu akwai wanda ya yi shekara saba'in ana ce masa Tanko ko Ɗan Ladi, ƴaƴansa ma ba su riƙe sunansa na gaskiya ba. Shekara ma haka take. Tsoho ba zai ce 1974 ba, zai ce shekarar da soja suka karɓi mulki daga hannun Diori. Zai ce kafin gobarar babbar kasuwar Yamai, watau kafin 1982, ko lokacin yunwar El Buhari, watau 1984 zuwa 1985. A rubuta maganarsa, a ƙara lissafin a gefe. Wanda ya iya boko ya yi da boko, wanda ya iya ajami ya yi da ajami. Waɗanda suka fita daga makarantar yaƙi da jahilci suna tambaya ina amfanin rubutunsu bayan wasiƙa da lissafin kasuwa, to ga amfani babba a cikin ɗakinsu.

Sa'an nan a zo ga kayan aiki, kuma ba su da yawa. Na farko takarda mai kauri, irin wadda ƴan lakkol ke zane a kai, ana samunta a kantin littattafai. In an ga an rubuta "sans acide" a jikin ƙunshin, ita za a ɗauka. Kowa ya san yadda tsohuwar jarida ke yin ja ta dinga karyewa. Tsamin da ke cikin takarda mai araha ne ke jawo haka, kuma yana kama hoton da aka ɗora mata. Don haka kada a naɗe hoto da jarida, kada a jera shi cikin kayen ƴan makaranta. Na biyu kireyon, watau fensir, mai taushi, irin wanda aka rubuta wa 2B ko 4B. Bic yana huda bayan hoto har shatinsa ya fito a fuska, tawadarsa kuma tana narkewa da zafi ta ɓata hoton da ke ƙasa. Tsofaffin hotuna baƙi da fari suna karɓar kireyon a bayansu. Na zamani masu santsi ba sa karɓa sosai, sai a yi rubutun a shafin kundin, ƙarƙashin hoton. Na uku reza ko almakashi, da zare mai ƙarfi na ɗinke shafuffuka, da kwali biyu na bango.

Mai karatu zai lura ba mu ambaci abin liƙi ba. Da gangan ne. Scotch yana yin ja bayan ƴan shekaru, ya bar tabon da ba ya fita. Ƙaro da ƙullun gari suna kiran kyankyaso da gara. Ƙusar haɗa takardu tana tsatsa, robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne. Hanya mafi kyau ita ce a ɗora hoton a shafi, a yi alama a kusurwoyinsa huɗu, a ɗauke shi, a tsaga takardar da reza a karkace, a soka kusurwoyin a ciki. Hoton ya zauna daram, kuma ran da ake so a karanta bayansa ko a sake wanke wani daga jikinsa, sai a zare shi lafiya lau. Kundin kanti mai shafi mai danƙo, wanda ake rufewa da leda, yana da kyaun gani ran da aka saye shi, amma danƙon yana riƙe hoto har ya yage in an zo cirewa. Haka nan rufe hoto da roba a na'ura mai zafi, kamar yadda ake yi wa katin shaida: abin da aka rufe ya rufu ke nan, babu gyara. Masu son ado da furanni da takarda mai launi, ba mu hana su ba, amma kada almakashi ya taɓa hoton asali. Ƙofar gida ko tsohuwar motar da aka yanke don hoton ya yi siffar zuciya, wata rana ita ce za ta nuna gari da shekara.

Wani zai ce zamani ya wuce wannan, hotuna yanzu suna cikin wayar salula. Gaskiya ne, kuma muna ba da shawara a ɗauki kowane tsohon hoto da waya, a inuwa mai haske, gaba da baya, a aika wa dangi ta WhatsApp. Amma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katinta yana lalacewa, kuma mai ita yakan rasu da lambar buɗe ta a cikin kansa. Ga shi kuma hoto dubu a waya, babu ɗaya mai suna. Gara a zaɓi ashirin ko talatin a shekara, a kai wa mai hoto ya wanke su, su shiga kundi.

Saura wurin ajiya. Ƙasarmu ba ta tausayin takarda. Zafin Afrilu da Mayu ƙarƙashin rufin kwano yana kashe launin hoto, kuma mai launi ya fi baƙi da fari saurin dushewa. Danshin Agusta yana sa hotuna su manne da juna, funfuna ta hau su. Ambaliyar 2020 ta cinye unguwanni a bakin kogi a Yamai, ta 2024 kuwa ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe a watan Satumba na shekarar. An ƙidaya gidaje da dabbobi da gonaki, amma ba wanda ya ƙidaya adakokin da ke ajiye a ƙasa. A naɗe kundin da farin ƙyalle mai tsabta, a sa shi cikin akwati, a ɗora akwatin bisa wani abu mai tsawo, nesa da bangon laka da randar ruwa. A buɗe shi bayan kowace damina ya sha iska a inuwa. Hotuna biyar ko shida da suka fi daraja, kamar na kakanni, a wanke biyunsu, a rubuta sunayen a kowanne, a aika da su wurin ɗan'uwa da ke zaune a wani gari.