Sharhi: Gidan Gashi Ga Masu Shanyewar Ɓarin Jiki a Gwarzo da Kabo



Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta taso daga Kano ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ta isa Gwarzo kana ta zarce Dayi cikin jihar Katsina, ba zai rasa cin karo da motar haya da aka kwantar da dattijo a kujerar baya ba, hannu ɗaya a sake, baki a karkace, 'ya'yansa sun tallafe shi za su kai shi birni gashi. Kuma sau da yawa, idan kuɗin mota ya cinye hatsin da aka fitar daga rumbu, sai a haƙura a mayar da shi ɗaka, a ce an bar wa Allah.

Wannan lalura ta shanyewar ɓarin jiki, kamar yadda likitoci suka tabbatar, tana aukuwa ne sa'ad da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, babban sababinta kuwa hawan jini; kuma galibin abin da majinyaci zai farfaɗo da shi na motsi da magana cikin wata uku zuwa shida na farko yake samuwa, muddin an lazimci gashi ba fashi. Alhali kuwa manyan sassan gashi, na Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Ƙashi na Dala, duk a birni suke, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo.

Ga kuma wata musiba da ta ƙara nauyin al'amarin. Fitinar 'yan bindiga ta taso bayin Allah daga ƙauyukan Katsina da Zamfara, wasunsu suka gangaro yammacin Kano suka raɓa da dangi. Wanda ya tsere da tsakar dare kuwa ba ya tuna ƙullin maganinsa na hawan jini, 'yan'uwan da za su yi jinyarsa in ya faɗi su ma sun warwatsu. Mutanen Barno sun riga mu ɗanɗana irin wannan wahala. Shekara da shekaru ana ɗauko waɗanda rikicin Boko Haram ya nakasa a kawo su Dala a yi musu ƙafar roba, har dai a 2020 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta buɗe musu cibiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, domin an gane cewa nisa kaɗai ya isa ya hana mutum magani.

To, in Allah ya nufa aka gina gidan gashi a Gwarzo ko Kabo, ra'ayina shi ne kada a kwaso fasalin asibitin Turai a dasa mana. Dattijon Getso ko na Garo, idan ka tambaye shi abin da yake so ya koma yi, ba zai ambaci hawa bene ba. Zai ce maka yana so ya yi tsarki da kansa ba tare da ɗansa ya ga al'aurarsa ba, ya riƙe buta ya yi alwala, ya ci tuwo da hannun dama, ya zauna bisa tabarma ya miƙe, ya taka zuwa masallaci ya shiga sahu. Saboda haka wajibi ne a sami magewayi na tsuguno mai ƙarfen dafawa a kowane gefe, da dakalin alwala marar santsi, da tsakar gida mai inuwa inda za a koyi tafiya bisa ƙasa irin ta gida. A ware sashen mata da suturarsa, mata 'yan'uwansu su riƙa yi musu gashi, domin akwai tsohuwar da ta gwammace ta mutu a kwance da namiji baƙo ya kama mata cinya. A kuma tanadi ɗakin mai jinya da murhu, tun da a ƙasarmu ba a barin marar lafiya shi kaɗai, kuma wannan 'ya ko surukar da ta kwana tana juya shi ita ce za ta ci gaba da gashin idan an koma gida. Ita ya kamata a fara koya wa.

Sai mas'alar da ma'aikatan asibiti suka fi ƙyama. Jama'a da yawa sun yi imani cewa wannan lalura shafar aljanu ce, shi ya sa wajen mai ruƙiyya ake fara zuwa. Faɗa da wannan ɓata lokaci ne. Hikima ita ce a jawo limamai a fahimtar da su alamomin ciwon, su zama su ne masu cewa a garzaya asibiti tun a sa'o'in farko, addu'a kuwa ta biyo majinyaci har gadonsa. Su kuma karantar da shi rangwamen da littattafan Ahalari da Risala suka bayyana na taimama da salla a zaune ko a kishingiɗe, don kada baƙin cikin rasa ibada ya karya masa zuciya ya ƙi gashin.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da hakimanmu, da attajiran da Allah ya hore wa halin yin waƙafi, da kada su jira katafaren gini: a fara da ɗaki biyu da likitan gashi mace da namiji a Babban Asibitin Gwarzo. Ku kuma masu sauraro, duk wanda ya haura shekara 40, ya daure ya je a auna masa jini a wannan mako.